Adadin Gonar Malam Idi

Ranar kasuwar Karaye da ta wuce wasu samari uku suka same ni a zaure, ɗaya da waya a hannu, wai sun zo in koya musu rabon gado kafin azumi. Kafin azumi fa. Na tambaye su abin da suka sani. Mai wayar ya ce ai abin ba wuya, namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya, matar mamaci sumuni, sauran kuwa waya ke yi, dannawa kawai ake. Ban kore su ba, don iyayensu mutanen kirki ne. Na sauko da wani allo da ke rataye a bangon zauren, tawadarsa har ta fara komawa ja, na ce su karanta min abin da ke can ƙasa. Da ƙyar suka haɗa shi, don da lambobin Larabci aka rubuta: dubu ɗari da ashirin da uku da ɗari biyar da hamsin da biyu, 123,552. Na ce su gyara zama, wannan adadin shi ne darasinsu na farko. Abin da na gaya musu shi nake rubutawa a nan, saboda na san irinsu suna da yawa.

A hannun Malam Buba na Rogo Sabon Gari na koyi wannan aiki. Bafulatani ne siriri, mai saurin fushi, in lissafi ya ƙi masa sai ka ji ya koma ƙirga da Fulatanci ƙasa-ƙasa. Kayan aikinsa ba su da yawa: faifai cike da yashi mai laushi, allo, tawada da alƙalami, igiyar rama doguwa mai ƙulli-ƙulli, da turaku. A yashi ake gwaji, a shafe, a sake. Abin da ya tabbata shi ake hawar da shi allo. Na daɗe a gabansa bai bar ni na taɓa maganar gado ba, sai dai ya jefo min adadi ya ce in faɗi halinsa. Cika ne ko mara? Yana da rabi? Yana da sulusi, rubu'i, sudusi, sumuni? In aka yi ta raba shi, a kan me zai tsaya? Ya ce wanda bai san halin adadi ba kada ya kusanci dukiyar marayu.

A wurinsa na san akwai adadin da ba ya rabuwa da kowa sai da ɗaya da kansa, kamar bakwai. A cikin irin waɗannan akwai waɗanda yake kira kurame, su sha ɗaya da sha uku da sha bakwai, don ba su da sunan kashi a bakin mutane. Kana iya cewa subu'i, wato kashi ɗaya cikin bakwai, amma kashi ɗaya cikin sha uku ba shi da suna, sai dai ka bi ta doguwar hanya. Ya koya min kuma in na ga adadi biyu in duba tsakaninsu: ko daidai suke, ko ɗaya ya shige cikin ɗaya, ko akwai wani ƙaramin adadi da ya haɗa su, ko kuma babu abin da ya haɗa su sam. Wannan na ƙarshen shi ke kumbura lissafi, don dole ka buga wannan a cikin wancan gaba ɗaya. Dokarsa ɗaya ce da ba ya sassautawa: ba a wanke allon gado sai turaku sun shiga ƙasa, kowa ya tsaya a kan nasa.

Aikin farko da ya sake min, shanu ne a wata ruga ta wajen Rogo Ruma. Lissafin bai ɗauke ni komai ba, kafin a kawo fura na gama. Da muka shiga garke sai na ga ashe ban fara ba. Wannan saniya tana da ciki, waccan ta tsufa haƙora sun zube, ga bijimin da kowa ke kallo ta gefen ido, ga wata karsana da uwar yaran ta ce tun tana maraƙa aka ba ta ita, ba ta cikin gado. Malam Buba ya zauna a inuwa yana kallona ina zufa. Sai da rana ta karkata muka daidaita, bayan an kira dattawan da suka san asalin kowace dabba. A hanya ya ce min adadi kashi ɗaya ne na aikin, sauran mutane ne. Na ɗauka na gane a ranar. Ban gane ba sai da na haɗu da gidan Malam Idi.

Malam Idi manomi ne a wani ƙauye ta wajen Yammedi. Ya rasu ya bar gona guda babba, faɗinta igiya goma sha biyar da igiyata, ƙasa mai kyau daga wannan gefe har wancan, tana karɓar gyaɗa tana karɓar dawa. Ya bar matarsa Iya Kande da 'ya'yansu takwas, maza uku mata biyar. Wannan lissafin yaro ma zai yi. Mata tana da sumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, saura kashi bakwai. In ka ƙirga kowane namiji biyu kowace mace ɗaya, kawunan 'ya'ya sha ɗaya ne. Bakwai ba ta rabuwa ga sha ɗaya, babu abin da ya haɗa su, sai ka buga takwas a sha ɗaya, tamanin da takwas. Da an kira mai igiya a shekarar, da yini guda ya isa. Ba a kira ba. Babban ɗa, Alhaji Sale, ya ce gandu ne, a ci gaba da noma tare kamar yadda Baba ya bari. Kowa ya ce to, don haka ake yi a gidaje da yawa, kuma ana ganin rashin kunya ne ƙane ya ce a ba shi nasa.

Ana nan sai ɗa na tsakiya, Garba, ya kwanta ciwo damina guda ya rasu. Ya bar matarsa Hanne da yara takwas, maza biyar mata uku, babbansu Nasiru bai isa riƙe garma ba. Hanne ce ta fara zuwa gidana bayan ta fita takaba. Ba ta tsaya a zaure ba, ta shige wurin maiɗakina, daga can aka aiko min. Ta durƙusa daga bakin ƙofa, muka gaisa, na yi mata gaisuwar rashi. Ta ce ba rigima ta kawo ba, so take ta san ko yaran Garba suna da wani abu a gonar kakansu, don tana son ta sa musu 'yar gyaɗa da hannunta.

Na zauna a gaban yashi. Rabon Garba sha huɗu ne cikin tamanin da takwas. A cikinsa uwarsa tana da sudusi, Hanne tana da sumuni, saura na yara, kawunansu sha uku. Ga wani kurman ya shigo. Da na haɗa mutuwar farko da ta biyu, adadin ya tashi daga tamanin da takwas ya koma dubu goma sha uku da ɗari bakwai da ashirin da takwas. Na fara karanta mata kason kowa, sai ta dakatar da ni.

"Malam, ni ban san dubu ba. A ƙasa nake tambaya. Ina ne namu?"

Na ce mata in aka ja igiya, nata da na yaranta a haɗe igiya biyu ne, sai dai sun gaza da ɗan abin da bai kai kamu ba. Ta yi lissafin nata a zuci, sannan ta ce igiya biyu ta ishe su. Ta yi godiya ta tafi. A ranar na hau da lissafin kan allon nan.

Na je wurin Alhaji Sale da kaina. Kada ku zaci wani mugun mutum ne mai zare ido. Ya shimfiɗa min buzu, ya sa aka kawo fura, ya ce wallahi ya ji daɗi da na zo, hakkin marayu ba abin wasa ba ne. Sai dai ga amfani a tsaye, kuma ba a jan igiya a kan shuka, a bari a girbe. Gaskiyarsa ne, haka al'adar take, ni ma ba na taka gonar da ke da amfani. Da aka girbe na koma. Ya ce ƙanensa Musa ya tafi ci-rani kudu, kuma ba a raba gona a bayan idon magaji. Nan ma gaskiyarsa ne. Da Musa ya dawo, an riga an kai taki, ruwa ya sauka. Shekara ta gaba wata ƙanwarsu tana jego a Rogo, mijinta bai bar ta ta zo ba. Duk uzurin da ya kawo na gaske ne, ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Shi dai ya san cewa tsakanin girbi da tafiyar 'yan ci-rani ƙofar ƙarama ce, kuma ya iya tsayawa a bakinta.

Na gaya wa Hanne tana iya kai magana gaban alƙali, ni zan tsaya in yi bayani. Ta ce, "Malam, in kai wan mijina kotu? Gobe wa zai ba da auren 'ya'yana mata?" Bayan girbi Alhaji yakan aiko mata da 'yan dammunan dawa, a shigo da su ta gaban mutane, ta fito ta yi godiya kamar sadaka aka ba ta. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Gyaɗar kuwa a gidan Alhaji take saye, wadda aka tono daga gonar nan. Wannan abu har yau in na tuna shi raina ɓaci yake.

Sai shekarar da Iya Kande ta rasu. Da rani ta rasu, gona fayau babu ko kara, kuma saboda rasuwar uwa ce kowa ya zo: Musa ya baro kudu, 'ya'ya matan nan biyar duk sun baro gidajen mazajensu. Tunda nake da gidan ban taɓa ganin magada sun cika haka ba. Na koma kan yashi. Tsohuwa ta ci gadon mijinta, ta ci na ɗanta Garba, yanzu nata zai koma ga 'ya'yanta da ke raye, maza biyu mata biyar, kawuna tara. Rabonta ba ya rabuwa ga tara, babu abin da ya haɗa su. Na buga adadin baya gaba ɗaya a tara. Abin da ya fito shi ne wanda samarin nan suka karanta a ƙasan allo.

Bayan addu'ar bakwai na saɓa igiya da turaku na tafi. Mutane cike da ƙofar gida, mata suna daga cikin zana suna ji. Na yi niyyar in yi magana da igiya kawai, wane igiya kaza, wance kaza. Alhaji Sale ya ce a'a, Malam ya karanta wa jama'a asalin lissafin tukuna, kada a ce an ɓoye wani abu. Wanda aka ce kada ya ɓoye ba shi da zaɓi. Na karanta. Ya sa hannu a kunne ya ce in maimaita, na maimaita. Sai ya juya ga jama'a, murya a sanyaye.

"Jama'a kun ji. Gonar Baba za a yanka gida dubu ɗari da ashirin da wani abu. To kowa ya je ya zo da cokali."

Aka yi dariya, a gidan makoki. Na ce ba yanka gonar za a yi haka ba, ma'auni ne kawai, kamar yadda ake auna buhu da tiya ba don za a ci shi tiya-tiya ba. Babu wanda ya saurare ni. Adadin ya riga ya shiga kunnuwa, ya yi musu girma. Alhaji ya ƙara da cewa ko arba'in tsohuwa ba ta yi ba, a ce 'ya'yanta sun ja igiya a gonar mijinta, ina za su sa fuskarsu a garin nan? Musa ya sunkuyar da kai. Daga cikin zana babbar 'yar ta ce su dai sun bar wa Yaya ya ci gaba da riƙewa. Hanne tana wurin, na ga gefen mayafinta. Matar ƙane ba ta ɗaga murya a gaban wan miji, balle a taron maza. Kafin arba'in ɗin kowa ya watse.

Wannan ita ce muguwar shekarata a sana'a. Magana ta zaga ƙauyukan cewa lissafina raba zumunci yake, wai ina farfasa gona har ta koma kamar garin tuwo. Yara suka sa min suna Malam Dubu Ɗari. Gidajen da ubanninsu suka saba kirana suka koma kiran wanda zai zo ya ce a yi sulhu, a ba 'ya'ya mata ɗan abin da ya sawwaƙa, a shafa fatiha. Rani guda igiyata tana rataye, har gara ta fara taɓa turakun. Ban yi kuskure ko na ɗigo ɗaya ba a lissafin nan, na sake shi ya fi a ƙirga. Da kuskure na yi da abin ya fi min sauƙi, sai in gyara.

A zaman banzan nan ne na san adadin kamar yadda mutum ke sanin maƙwabcinsa. Cika ne. Ka raba shi biyu, ka sake, har sau biyar yana karɓa, sai ya tsaya a dubu uku da ɗari takwas da sittin da ɗaya, mara. Wannan kuma ka raba shi uku har sau uku, ya sauka a ɗari da arba'in da uku. Nan za ka zaci ka iso ƙasa, amma a cikinsa kurame biyu ne rungume da juna, sha ɗaya da sha uku. Yana da rabi, da sulusi, da rubu'i, da sudusi, da sumuni, da tusu'i. Ba shi da humusi, ba shi da subu'i, ba shi da ushuri. Adadi casa'in da shida ne ke raba shi ba saura, in ka sa ɗaya da shi kansa. In ka tara su duka ban da shi, sun ninka shi biyu har da ɗori. Irin wannan Malam Buba ke kira za'idi, wato mai yalwa, wanda abin da ke cikinsa ya fi shi yawa. Mai yalwa, kuma bai ciyar da kowa ba.

Ni in na dube shi ba lambobi nake gani ba. Sha ɗayan nan Malam Idi ne da 'ya'yansa. Sha ukun yaran Garba ne. Taran da ta zo daga baya Iya Kande ce. Babu adadin gado da ke girma haka kawai. Duk inda kuka ga ya kai dubu ɗari, ku sani an yi ta binne mutane ana cewa a bari sai bayan girbi. Wayarku za ta fitar muku da shi daidai, ba na musu, ta ma fi ni sauri. Amma ba za ta je ta zauna a buzun Alhaji Sale ta sha furarsa ba.

Hanne ta ci gaba da zuwa wurin maiɗakina lokaci-lokaci, da ɗan ƙuli a leda. Yaran suka girma a haka. Mazan suka gaji da noma gandun da ba su da ko kunya ɗaya a ciki, suka bazu, wani Kano, wani Abuja. 'Ya'ya matan kuwa, Alhaji ne ya aurar da su, aka yi ta yaba masa riƙon marayu. Zuwanta na ƙarshe ta rame ƙwarai, hayaƙin suya ya cinye mata ƙirji. Da za ta fita ta tsaya a zaure, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ɗaga kai ta dubi bango.

"Malam, namu ne wancan?"

Na ce shi ne.

"Kada a wanke."

Bara da kaka Nasiru ya zo ya gaya min ta rasu. Bayan mun yi addu'a ya dubi allon, ya yi wata 'yar dariya marar daɗi, ya ce yanzu kuma adadin zai kai miliyan ke nan. Ni ma haka na zata, don duk wanda ya mutu a gidan nan sai ya kumbura shi. Na jawo faifan yashi. Rabon Hanne, sumunin da ta ci daga Garba, dubu biyu da ɗari huɗu da hamsin da bakwai ne. Ba ta sake aure ba, iyayenta sun riga ta, magadanta 'ya'yanta ne kawai, kawuna sha uku.

Da na kawo nan a labarin sai na ce wa mai wayar ya danna da kansa, ya raba 2,457 gida sha uku. Ya danna. Fuskarsa ta washe, ya ce ɗari da tamanin da tara, ya fita cif, babu saura.

Na ce haka ne, babu saura. Kowace mace ɗari da tamanin da tara, kowane namiji ninkinsa. Sha ukun tana cikin adadin tun ranar da mijinta ya mutu, don haka bai motsa ba ko da ɗaya. Mutum uku sun mutu a gidan nan kafin ita, kowanne sai da ya sa na sake lissafi daga tushe. Ita ko wannan wahalar ba ta ba ni ba. Layi ɗaya na ƙara a allon, ban goge komai ba.

Ɗaya daga cikin samarin ya tambaya ko yanzu an ba yaran nasu rabon. Na miƙe na mayar da allon kan ƙusarsa, na ce su dawo bayan sallah in har yanzu suna so, kuma kowa ya zo da faifai da yashi. Igiya biyun nan kuwa na bi ta wajen da damina. Bana ma gyaɗa Alhaji Sale ya shuka a wurin, ta yi kyau ƙwarai.